Shekarar da Na Sa Ɓeraye Azumi

Shekaranjiya da la'asar, a bakin shagon tela na layinmu nan Tudun Wada, inda muke ajiye benci, wani saurayi da ya gama karatu yana yawon neman aiki ya dube ni ya ce, "Malam Tanimu, idan za ka yi ritaya don Allah ka tuna da ni. Ai naka ba aiki ba ne, hutu ne. Ka zuba wa ɓera abinci, ka miƙe ƙafa, ka jira lokacin tashi." Abokansa suka kwashe da dariya, har da mai tafa hannu. Ban yi fushi ba. Mutumin da ɓeraye suka cije shi har yatsunsa suka zama kamar rariya ba ya fushi da maganar samari. Na dai ce zan rubuto musu amsa, don in na fara da baki sai a kira magariba ban kai rabi ba. To ga ta.

Ni ne mai kula da ɗakin dabbobin gwaji a sashen nazarin magunguna na wata babbar makaranta, ba sai na kama suna ba. A takarda sunan aikin dogo ne da Turanci, amma daga mai gadi har shugaban sashe kowa Sarkin Ɓeraye yake kirana, kuma ina amsawa, don sarauta ce da ba ni da abokin takara. Talakawana farare ne fat, masu jajayen idanu, ba irin gafiyoyin kwatar bayan gidanku ba. Waɗannan ɓerayen boko ne. Suna da lamba, suna da rajista, suna cin abinci a kan lokaci, kuma in zafi ya yi yawa su ake fara kunna wa fanka kafin ni.

Ranar da na kama aiki, Baba Ishaya, mai kula da ɗakin a lokacin, shi ne ya karɓe ni. Dogon dattijo ne siriri, ɗan ƙungiyar mawaƙan cocinsu, yana shara yana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, ɓeraye kuwa su yi tsit kamar sun san baitocin. Ya dubi takarduna ya ajiye, ya ce, "Nuna mini hannunka." Na miƙa. Ya ce, "Hannun mai yanka rake ne wannan. Je ka wanke keji." Wata uku ina wanke keji, ina zubar da garin katako jiƙaƙƙe ina shimfiɗa busasshe, ina wanke kwalaben ruwa da buroshi, bai bar ni na taɓa ko wutsiyar ɓera ba. Ranar da ya yarda in kama na farko, na damƙe shi yadda ake damƙar ɓarawo a kasuwa. Ɓeran ya juyo ya dasa mini haƙori a babban yatsa, na yi ihun da har ɗalibai suka fito daga aji suna tambayar ina gobara. Baba Ishaya bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ya gaishe ka. Kai ne ba ka gaishe shi ba. Ɓera ba a kama shi, Tanimu, ɗaukar sa ake yi."

Ɗura ce aikin da ya fi ɗaukata lokaci kafin in iya. Ka kama fatar bayan wuyansa da yatsu biyu, ka tallafe jikinsa a tafin hannu har kansa ya miƙe, sannan ka zura allurar ɗura, wata doguwar allura mai dunƙulallen baki kamar kan ashana, ta bi maƙogwaro ta isa ciki. Hanya biyu ce a wurin, ta abinci da ta iska, kuma ba wanda ya kafa allon nuna hanya. Ka kuskure kaɗan, magani ya tafi huhu, ɓera ya dube ka sau ɗaya ya yi sallama da duniya. Sauran kayan aikin ba su da yawa: sikeli, sirinji ƙanana, hantsaki, wani ɗan almakashi da Baba Ishaya yake naɗewa a tsumma ya ɓoye kamar zinariyar amarya, da na'urar auna suga irin wadda kuke gani a kemis. Sai tsohon tawul guda, wanda duk ɓeran da ya tayar da hankali ake lulluɓa masa ya huce. Ni ma na sha amfani da shi.

Masu zuwa wurina kuwa ɗalibai ne, iri-iri. Akwai wanda zai shigo da farar riga a goge, yana Turanci ta hanci, ɓera ya yi atishawa ya tsinci kansa a kan tebur. Akwai wadda za ta raɗa wa kowane ɓera suna, ranar gwaji ta zauna tana kuka kamar an yi rasuwa a danginsu. Akwai mai zuwa ranar farko da ranar ƙarshe kawai, ya ce, "Oga Sarki, ya ya yarana?" alhali ko kalar idonsu bai sani ba. Duk na iya da su. Ɗaya ce kawai ta taɓa sa ni na tsaya a gaban Farfesan sashenmu ina amsa tambayoyi, kuma ba laifinta ba ne. Ita ce Rifkatu.

Rifkatu ma'aikaciyar ba da magani ce a wani asibiti, tana digiri na biyu a sashenmu. Gidansu can wajen Tudun Jukun. Mace ce gajeriya mai sauri, da biro koyaushe a soke cikin ɗankwali. Lokacin Baba Ishaya ya riga ya yi ritaya, ɗaki ya dawo hannuna. Ta zo ta zauna a kan kujerata ba tare da an ce ta zauna ba, ta ce, "Malam Tanimu, ka san masu ciwon ƙirji, waɗanda jijiyoyin zuciyarsu suka tsuke?"

Na ce, "Na san su. Duk wanda ya yi shekara biyar a ƙarƙashin Farfesa yana da shi."

Ta ce, "Ka bar wasa. Akwai maganin da ake ba su, naitiret. Yana sa jijiya ta saki, jini ya wuce. Amma yana da hali guda. Idan ana shan sa ba ƙaƙƙautawa, jiki sai ya saba, ya daina jin sa."

Na ce, "Kamar maƙwabcina da ke manne da injin markaɗe. Mu muna toshe kunne, shi yana barcinsa."

"Yauwa, ashe kanka yana ja. To masu ciwon suga ciwon zuciya yana yawan bin su, kuma da yawansu suna shan maganin rage kitse a jini, sitatin. Masana a wasu wurare sun ga alamar cewa wannan na kitsen yana hana jijiya sabawa da wancan na ƙirjin. Ni ina so in gani da idona, a ɓerayen da ke da suga."

Tsarin bai da wuya a baki. Za mu sa wa ɓeraye ciwon suga, mu raba su. Akwai wasu rukunai, amma biyu ne labarinmu. Masu jan fenti a wutsiya, kullum in ɗura musu maganin kitse na makonni. Masu shuɗin fenti, ruwa zalla. A kwana ukun ƙarshe dukansu a riƙa yi musu allurar naitiret sau uku a rana, domin jikinsu ya saba. Sannan a duba jijiyoyinsu. Rifkatu ta rubuta lokutan da manyan baƙaƙe ta manna a ƙofa: bakwai na safe, ɗaya na rana, bakwai na yamma. Ta ce, "Dole sai masu shuɗi sun saba tukuna. In ba su saba ba, ba ni da abin da zan ce maganin kitse ya hana. Ba za ka yabi lema ba a ranar da ba a yi ruwa ba."

Sa wa ɓera suga allura ɗaya ce, amma renon sa bayan nan shi ne wahala. Kwana uku sai ka ɗan tsaga ƙarshen wutsiya, ka ɗiga jini a na'ura, ka ga lamba ta haye sama. Daga ranar ɓera ya zama raƙumi wajen shan ruwa, ya zama damina wajen fitsari. Sau biyu a rana nake canza garin katako. Warin yakan bi riga, ya bi singileti, ya shiga fata ya kama haya. Akwai ɗan acaɓan da ya taɓa sauke ni a tsakiyar hanya ya ce, "Baba, ka yafe mini, na yi iya ƙoƙarina." Uwargida kuwa ta kafa mini ƙusa a zaure, can nake rataye rigar aiki kafin a ba ni izinin shiga gidana.

Wannan shekarar ita ce mummunar shekara. Ruwa ya shiga sito ta rufin da ya tsage, abincin ɓeraye ya yi funfuna daga ƙasan buhu ba mu lura ba, cuta ta shiga ɗaki. Kullum da safe sai in buɗe ƙofa ina addu'a. Kafin mu gane bakin zaren mun yi asarar fiye da rabi, masu haihuwa ma suka yi yaji. Ɗalibai da yawa aka ce su jira. Rifkatu ba ta da damar jira, don tsakanin aikin asibiti da jinyar mahaifiyarta ta riga ta cinye lokacinta, makaranta ta yi mata ƙarin wa'adi na ƙarshe: ta miƙa aikinta bayan ƙaramar Sallah, ko a cire sunanta. Na tattara mata lafiyayyun da suka rage, muka kasa su kashi uku, don na'urar gwajin ba ta ɗaukar su gaba ɗaya. Bayan su babu sauran ɓera ko na rantsuwa.

Sai kwanakin allura suka faɗo cikin azumi, azumin ma na bazara, irin wanda miyau yake neman izini kafin ya taru a baki. Rifkatu, Allah ya saka mata, ta ce, "Malam Tanimu, ta bakwai na yamma ta yi karo da shan ruwanku. Bari in nemi a canza mini aiki a asibiti in riƙa zuwa ina yi."

Na buga ƙirji na ce, "Ke! Ni da na yi wa ɓera allura ina atishawa? Ni da na yi wa ɓera allura babu wuta, da hasken waya? Je ki yi aikinki. Sarki ba ya ba da aron sarauta."

Ranar farko na yi ta bakwai na safe daidai. Wajen ƙarfe goma na zauna, rana ta fara dukan kwano, sai na tuna kunun tsamiyar uwargida, da ƙosanta mai albasa, da cewa daga wurin aiki zuwa Tudun Wada mota ce sannan acaɓa, ga cunkoson yamma. Sai wani lissafi ya zo mini, irin lissafin mai azumi. Na ce, allura uku aka ce. Uku kuwa uku ce, ko a jere ko a warwatse. Ɓera ba ya da agogo. Na yi ta biyu ƙarfe goma, na yi ta uku ƙarfe ɗaya, na buɗe rajista na zana alama uku cif, na kulle ɗaki. La'asar a gida ta same ni, a kan tabarma, ina fifita da mafici ina yaba wa kaina basira. Rajistar kuwa tun ta zamanin Baba Ishaya ce, gidan suna da gidan alama kawai gare ta, babu gidan lokaci.

Ranar gwaji ita ce ranar da aikinmu yake komawa na maƙeran zinariya. A sa ɓera barcin da ba zai ji komai ba kuma ba zai tashi ba, a buɗe ƙirji, a zaro babbar jijiya, siririya kamar taliya, a share kitsen jikinta da hantsaki ba tare da an murje ta ba, a yanka ta zobe-zobe. Kowane zobe a rataye shi tsakanin ƙugiyoyi biyu cikin ɗan kofin gilashi mai ruwan ɗumi da iska tana ɓulɓulowa. Ƙugiyar sama tana haɗe da wani alƙalami da ke zane a kan takarda mai tafiya. A ɗiga maganin da zai sa zobe ya tsuke, alƙalami ya hau. A ɗiga naitiret. In jijiya tana jin magani, ta saki, alƙalami ya gangaro. In ta saba, ya tsaya a sama yana taurin kai.

Muka rataye zoben mai shuɗin wutsiya, wanda ya kamata ya yi taurin kai. Rifkatu ta ɗiga naitiret. Alƙalami ya gangaro salin-alin, kamar ɗan makaranta mai ladabi. Na biyu haka. Na uku haka. Masu ja ma haka. Ba bambanci ko na gashin ido. Rifkatu ta zare biro daga ɗankwali ta mayar, ta sake zarewa. Ta ce, "Ba su saba ba. Malam Tanimu, ka yi musu duka?"

Na ce, "Ga rajista nan. Uku-uku." Kuma wallahi a lokacin zuciyata fes, don ko kusa ban haɗa wannan da wancan ba.

Kashi na biyu ma na yi musu irin lissafina, sakamako ya fito iri ɗaya. Farfesa, wani mutum mai gilashi a ƙarshen hanci wanda gaisuwarsa ma kamar tuhuma ce, ya sauko da kansa. Ya shinshina kwalbar magani, ya duba ranar lalacewa, ya sa aka kwance na'ura aka sake ɗaurawa. Sannan ya juya ga Rifkatu ya ce ko dai hannunta ne ke ɓata zoben, ko awon maganin ne ta yi kuskure. Ya yanke hukunci: kashi na ƙarshe a ninka musu allura. In bai yi ba, shi ba zai sa hannu a takarda mara komai ba. Bayan ya fita Rifkatu ta tsaya tana kallon kejin ƙarshe. Ta ce, "Ramammu ne, ga suga. In aka ninka, rabinsu ba za su kai ranar gwaji ba." Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki jaka ta ce sai gobe.

Muna da al'ada da Baba Ishaya tun yana aiki. Layi uku ne tsakaninmu a Tudun Wada. Da azumi nakan kai masa kunu da ƙosai, da Kirsimeti ya aiko mini shinkafa da kaza. Rannan da na taso da wuri kamar yadda na saba, na ɗauki kwano na kai masa da kaina. Na same shi a kujerar ƙofar gida, ya tsufa, suga da ciwon ƙirji sun haɗu suna yi masa haya ɗaya. Na ba shi labarin ɓerayen Rifkatu, ina ƙara gishiri, ina cewa aljanu ne suka shiga na'ura. Ina cikin magana sai matarsa ta leƙo da ƙwaya a hannu ta ce, "Ishaya, ba ka sha ta rana ba, in ba ka yanzu?"

Ya ce, "A'a, lokaci ya wuce, bar ta."

Na ce, "Baba, magani kuma har da lokaci ya wuce? Ai sha kawai, ciki ɗaya ne."

Ya ce, "Wannan na ƙirji ba haka yake ba. Likita ya ce safe da tsakar rana kawai, daga nan in bar jiki ya huta har gari ya waye. In na jera shi safe, rana, dare, jiki zai saba ya daina ji. Hutun nan shi ke sa jiki ya manta da shi, gobe ya karɓe shi kamar baƙo."

Kwanon da ke hannuna ya yi nauyi kamar turmi. Na ce, "Baba, wane magani ne?"

"Naitiret mana. Irin na ɓerayenku." Sai ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi rana da ko alamar faɗuwa ba ta yi ba, ya sake dubana. Ya ce, "Tanimu. Ƙarfe nawa ne allurarsu ta yamma?"

Na ce, "Bakwai."

"Ƙarfe nawa yanzu?"

Na ce, "Biyar saura."

"To me kake yi a ƙofar gidana da kwanon ƙosai?"

Na faɗa masa lissafina. Bai yi dariya ba da farko. Ya ce, "Wato daga ƙarfe ɗaya na rana har bakwai na safe ba magani a jikinsu. Kai kana azumin rana, ka sa su suna azumin dare. Ka kashe wa maƙwabcin injin markaɗe inji ya yi barci ya wartsake, sannan kana mamakin yana jin ƙara da safe." Sai ya sauke murya. "Kashi biyu na ɓeraye sun mutu ba su amsa tambayar kowa ba, Tanimu. Wannan shi ne abin da na hana ka tun ranar farko." Daga nan dariyar ta kufce masa, ya yi ta yi har matarsa ta ce zai tayar da ciwonsa. Ya ce, "Gobe ka je ka faɗa. In ba ka faɗa ba, ranar Lahadi daga coci zan wuce gidan su yarinyar nan da sandata. Bar ƙosan, ba shi ya yi laifi ba."

Washegari na sa rigata mafi kyau, don in za a kore ni a kore ni da mutunci. Na sami Rifkatu a ɗakin awo tana lissafin ninka allura. Na ce ta ajiye biro. Na faɗa mata komai, ba gishiri, karo na farko a rayuwata. Ta ture takardar lissafin gefe. Sannan ta ce, "Malam Tanimu, sati biyu ban yarda da hannuna ba. Jiya har na gwada zare allura a gida in ga ko yana rawa." Na ce ta zage ni in ta ga dama. Ta ce, "Ba ni da lokaci. Tashi mu je wurin Farfesa."

A ofishin Farfesa na sake maimaitawa. Ya cire gilashi, abin da ba wanda ya taɓa gani, har na ɗauka idanunsa za su biyo gilashin. Ya ce, "Shekara nawa kana aikin nan?" Na faɗa. Ya ce, "Kuma ka ce ɓera ba ya da agogo." Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu na gano yana da shi, a cikin jijiya yake ɗaure shi." Ya ce in rubuta abin da na yi da hannuna, da lokutan da na yi kowace allura, in sa hannu, takardar ta shiga fayil ɗina. Sannan ya juya ga Rifkatu ya ce, "Kada ki ninka komai. Hannunki lafiya lau. Na yi kuskure da na zarge shi." Mai share ofis da ya ji wannan daga bakin ƙofa har yau yana ba da labari, ba wanda ya yarda da shi.

Kwana ukun ƙarshe suka faɗo a ƙarshen azumi. Rifkatu ta nemi canjin aiki a asibiti, ba ta ma tambaye ni ba. Kullum shida da rabi sai ga ta da kula da leda, ta ja benci ta tare bakin ƙofar ɗakin ɓeraye daga waje, ta zauna kamar mai gadin gidan yari. Kunun tsamiya ne da ƙosai da dabino, ita da kanta take yi. In an kira salla ta ce, "Sha ruwa, Sarki." In sha, in yi magariba a gindin darbejiya, in wanke hannu, bakwai daidai tana riƙe da agogo ina soka allura, tana rubuta lokaci. Rana ta biyu na ce, "Rifkatu, gaskiya kununki bai kai na uwargida ba." Ta ce, "Na uwargidan ai shi ya kai mu nan. Sha ka tashi."

Ranar jajibere muka yi gwaji. Mutane suna can kasuwa suna rububin kayan miya da karɓar ɗinki, mu muna tsaye a kan ɗan kofin gilashi. Na zaro jijiyar mai shuɗin wutsiya da almakashin Baba Ishaya, na rataye zobe. Alƙalami ya hau. Rifkatu ta ɗiga naitiret. Muka zuba ido. Alƙalami ya ɗan sunkuya kamar zai gaishe da suruki, sai ya fasa, ya tsaya a sama ƙiƙam. Ta ƙara ɗigo. Ya ɗan motsa da ƙyar. Rifkatu ta yi guɗa. Ni ban taɓa ganin mutanen da suka yi murna don magani ya ƙi aiki ba sai mu. Sannan muka rataye zoben mai jan wutsiya, wanda ya sha makonni ina ɗura masa maganin kitse. Ta ɗiga. Alƙalami ya gangaro. Ba kamar na lafiyayyen ɓera sak ba, amma ya gangaro, kowa yana gani ba sai da gilashin Farfesa ba. Haka muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya har azahar ta wuce.

Kafin wani cikinku ya ruga kemis ya sayo wa babansa maganin kitse, ku tsaya. Rifkatu da bakinta ta ce ɓera ɓera ne, mutum mutum ne, kuma 'yan ɓerayen ɗaki guda ba sa yanke wa likita hukunci. Ta miƙa aikinta cikin wa'adi, ba a cire sunanta ba. Kashi biyun da na ɓata ma ba ta jefar ba, ta rubuta su a matsayin abin da ke faruwa idan aka ba jijiya dogon hutu, don kada mutuwarsu ta tashi a banza. A shafin godiya ta sa sunana, ta ce ta gode wa Malam Tanimu da ya koya mata muhimmancin lokaci. Duk wanda ya karanta yana ɗauka yabo ne, ni kuma ba na gyara wa kowa.

Ranar Sallah na kai wa Baba Ishaya tuwo, na ce masa rabin laifin nasa ne, tunda rajistarsa ba ta da gidan lokaci. Ya ce, "A zamanina ba a buƙata, don ba mu da masu basira irinka." Yanzu akwai gidan. Da rula na zana shi, ɗalibai suna kiran sa layin Tanimu, sababbi ba su san dalili ba, tsofaffi kuma suna jira in juya baya su ba su labari, da ƙarin cewa wai har sahur nake tashin ɓerayen.

Saboda haka, kai saurayin bakin shagon tela, na ji buƙatarka, kuma ban ƙi ba. Akwai sabon kashi da za mu fara wa allura ranar Litinin. Ka same ni bakwai na safe da tsohuwar riga wadda ba ka so. Kada ka yi wa kowa alkawarin dawowa da wuri, don akwai wata bakwai ɗin da yamma, kuma ɓerayen suna duba agogo.